Aliyu Ibnu Ridwan: Likitan Masar Da Ya Adana Labarin Baƙon Tauraron Shekara Ta 396

Abul Hasan Aliyu ɗan Ridwan ɗan Aliyu ɗan Ja'afar Almisri yana cikin manyan likitocin Musulunci na ƙarni na biyar bayan Hijira. A zamaninsa an san shi da sharhin littattafan Jalinus, da shugabancin likitocin Masar, da kuma kaifin harshe a fagen jayayya. Masu nazarin sararin samaniya na yau kuwa sun san shi ne ta wata fuska dabam. 'Yan layuka ne da ya rubuta kan wani tauraro da ya gani yana saurayi, a shekara ta 396 Hijiriyya, wadda ta yi daidai da 1006 Miladiyya. Wannan tauraro shi ne mafi haske a cikin duk taurarin da tarihi ya rubuta bayyanarsu, kuma sai bayan kusan shekara dubu aka gano ko mene ne shi, da ajin da ya dace a sanya shi.

Haihuwarsa da tasowarsa

An haifi Ibnu Ridwan a Giza, a gaɓar yamma ta kogin Nilu, wajen shekara ta 988 Miladiyya. Mahaifinsa mai gasa gurasa ne a tanderu, gidan kuma ba na wadata ba ne. Masar tana hannun Faɗimiyyawa a lokacin. Su ne suka kafa birnin Alƙahira a 969, suka gina masallacin Azhar, sa'annan halifansu Alhakim ya buɗe Darul Ilmi a 1005. Amma tsohon birnin Fusɗaɗ, wanda Amru ɗan Asi ya kafa, shi ne cibiyar kasuwanci da sana'a, kuma a can Ibnu Ridwan ya yi mafi yawan rayuwarsa.

Mafi yawan abin da aka sani game da shi ya zo ne daga tarihin kansa da ya rubuta yana dab da shekara sittin, wanda Ibnu Abi Usaibi'a ya adana a littafinsa na tarihin likitoci, Uyunul Anba'i. A ciki ya bayyana cewa ya fara karatu yana ɗan shekara 6, ya koma babban birni yana da 10, ya kama karatun likitanci da falsafa yana da 14. Ba shi da dukiyar da zai biya malamai, don haka sai ya riƙa neman abin sawa a baki ta hanyar duba da taurari, wani lokaci da ɗan aikin magani, wani lokaci da koyarwa. A haka ya yi ta fama har ya kai shekara 32. Daga nan ne sunansa ya fito a likitanci, abin da yake samu ya wadace shi har ya yi rara, ya sayi gidaje a birni don su zame masa madogara in tsufa ya zo.

Talaucin ƙuruciya ya bar masa tabo guda da ya bi shi har kabari: bai taɓa durƙusawa gaban wani malamin likitanci ba, daga littattafai ya ɗauki sana'ar. Abokan hamayyarsa sun mayar da wannan abin gori, shi kuwa ya mayar da shi hujja, har ya yi rubutu yana kare ra'ayin cewa koyo daga littattafan magabata ya fi koyo daga bakin malaman zamaninsa, waɗanda yake ganin da yawansu ba su fahimci abin da suke karantarwa ba.

Daren da baƙon ya bayyana

Yana farkon neman ilimi, shekarunsa wajen 18, sai wani tauraro da ba a taɓa gani ba ya bayyana a kudancin sama. Ibnu Ridwan ya fita ya dube shi da idonsa, ya rubuta abin da ya gani. Bayan shekaru masu yawa, da ya zo yin sharhin littafin Baɗlimus kan hukunce-hukuncen taurari, wanda Larabawa ke kira Almaƙalatul Arba'a, sai ya shigar da wannan bayani a matsayin misali.

Ya ce abin ya bayyana ne a burujin Aƙrabu, daura da rana, domin a ranar rana tana daraja ta 15 a burujin Saur, shi kuma yana daraja ta 15 a Aƙrabu. Ya siffanta shi da cewa kewayayye ne, girmansa ya kai ninki biyu da rabi zuwa uku na tauraruwar Zahra, wadda Hausawa ke kira gamzaki in ta fito da asuba. Ya ce sama ta haskaka saboda shi, ya kuma ƙiyasta haskensa da ɗan abin da ya ɗara rubu'in hasken wata. Ya lura cewa bai gusa daga matsayinsa a tsakanin sauran taurari ba, yana fitowa yana faɗuwa tare da burujinsa kowace rana, har lokacin da rana ta shiga burujin Sumbula, sai ya ɓace. Bai tsaya nan ba, ya jera matsayin rana da wata da sauran taurari masu tafiya a ranar da ya fara ganinsa.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan bayanai ya yi amfani daga baya. Rashin gusawarsa ya nuna cewa ba tauraro mai wutsiya ba ne, domin shi mai wutsiya yakan ratsa sama cikin makonni. Matsayin taurarin da ya jera kuwa ya zama kamar hatimin kwanan wata. Da masana na ƙarni na 20 suka mayar da lissafi baya, sai suka ga ya dace da 30 ga Afrilu, 1006, wato ƙarshen watan Rajab na 396.

Ba shi kaɗai ya gani ba. Ibnul Jauzi da Ibnul Asir sun kawo labarin wani babban tauraro mai kama da Zahra da ya fito a farkon Sha'aban na wannan shekara, a hagun alƙiblar mutanen Iraƙi, ya zauna har tsakiyar Zulƙida. Ibnu Sina ya ambace shi a littafinsa Asshifa. Masu duban sama na fadar sarkin Sin sun rubuta shi, haka mutanen Japan, haka wasu sufayen Kirista a gidan ibadarsu na San Galen a ƙasar Suwizalan ta yau. Abin da ya bambanta bayanin Ibnu Ridwan shi ne awo. Ya ba da daraja, ya ba da ninki, ya ba da tsawon lokaci.

Abin da ya fahimta da abin da ya kuskure

Ibnu Ridwan ɗan zamaninsa ne. Masu bin falsafar Arisɗo a lokacin sun ɗauka cewa saman taurari ba ya canzawa, don haka duk wani sabon abu da ya bayyana sai su jingina shi ga tururin da ke tashi daga ƙasa ya kama wuta a can saman iska. Shi ma da irin wannan suna ya kira abin da ya gani. Sa'annan, a matsayinsa na mai duba, ya ɗaura masa fassara: ya danganta shi da yaƙe-yaƙe da yunwa da annobar da suka sami ƙasashen Musulmi a bayansa.

A nan ya kamata ɗalibi ya tsaya ya rarrabe. Malaman Musulunci sun kasa ilimin taurari gida biyu. Akwai na lissafin tafiyarsu, wanda da shi ake sanin alƙibla da lokutan salla da hanyar matafiyi da sauyin yanayi, wannan halal ne, har ana bukatarsa. Akwai kuma na da'awar cewa taurari suna da tasiri a kan ƙaddarar mutane, ko suna ba da labarin gaibu, wannan shari'a ta hana. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa rana ta yi kusufi a ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu, mutane suka ɗauka don rasuwarsa ne, sai Manzon Allah ya gyara musu, ya sanar da su cewa rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa kusufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Fassarar da Ibnu Ridwan ya yi wa tauraron tana cikin kashi na biyu, kuma babu wanda ya amfana da ita. Awon da ya yi yana cikin kashi na farko, shi ne ake komawa gare shi har yau.

Likitan Fusɗaɗ

Sunansa ya ci gaba da ɗaukaka har fadar Faɗimiyyawa ta naɗa shi shugaban likitocin Masar. Gidansa yana unguwar Ƙasrus Sham'i a Fusɗaɗ. Ibnu Abi Usaibi'a ya lissafa masa rubuce-rubuce kusan 100, har da mas'alolin da suka gudana tsakaninsa da Ibnul Haisam, masanin haske da gani, wanda shi ma a Alƙahira yake zaune a lokacin.

Mafi shahara a cikin littattafansa na magani shi ne wanda ya rubuta kan kare jiki daga cututtukan ƙasar Masar. Raddi ne ga Ibnul Jazzar, likitan Ƙairawan, wanda ya yi magana kan annobar Masar alhali bai taɓa taka ƙasar ba. Ibnu Ridwan ya kafa hujjarsa kan abin da idonsa ya gani. Ya bayyana yadda dutsen Muƙaɗɗam ke tare wa Fusɗaɗ iskar gabas, yadda lunguna suka yi ƙunci gine-gine suka yi tsawo, yadda ake jefa mushen dabbobi a tituna da cikin Nilu, yadda ƙazantar gidaje ke kwarara cikin ruwan da mutane ke sha, da yadda hayaƙin gidajen wanka ke turnuƙe birnin. Ya ba da shawarar a riƙa ɗibar ruwa daga inda yake gudu da ƙarfi, a bar shi ya kwanta, a tace shi, a tafasa shi in hali ya yi. Idon da ya ƙiyasta hasken tauraro shi ne ya lura da magudanar ruwan unguwa.

Ya kuma jera halayen da ya kamata likita ya mallaka, yana jingina su ga Abuƙraɗ. Daga cikinsu akwai riƙe sirrin majiyyaci, da fifita warkarwa a kan lada, da ɗokin yi wa matalauci magani fiye da mawadaci, da kame ido da zuciya a gidajen mutane, da ƙin ba da guba ko maganin zubar da ciki, da yi wa maƙiyi magani da irin niyyar da za a yi wa masoyi. A tarihin kansa ya faɗi cewa in ya gama aikin yini, yakan ba da sauran lokacinsa ga bautar Allah ta hanyar tunani a kan mulkin sammai da ƙasa da girmama Wanda ya tsara su, kuma kafin ya kwanta yakan yi wa kansa hisabi: abin da ya yi na alheri ya yi murna da shi, na sharri ya yi baƙin ciki ya ƙudura ba zai koma ba.

Rigimarsa da Ibnu Buɗlan

Duk da wannan, ya kasance mai zafin suka. Bai ƙyale Hunainu ɗan Is'haƙ ba, bai ƙyale Arrazi ba, bai kuma ƙyale Ibnuɗ Ɗayyib na Bagadaza ba. A 441 Hijiriyya, wajen 1049, wani almajirin Ibnuɗ Ɗayyib, likita Kirista mai suna Ibnu Buɗlan, ya iso Fusɗaɗ. Jayayya ta ɓarke tsakaninsu a kan wata ƙaramar mas'ala: shin ɗan tsako ne ya fi zafin ɗabi'a ko kazar da ta tasa? Daga nan magana ta faɗaɗa zuwa ga wane ne ya cancanci sunan likita, wanda ya karanta a gaban malami ko wanda ya karanta shi kaɗai. Suka yi ta musayar wasiƙu masu ɗaci, kowa na tona kurakuran ɗan'uwansa, har da gorin kamannin fuska. Bayan shekara uku Ibnu Buɗlan ya bar Masar, ya nufi Ƙusɗanɗiniyya, daga bisani ya ƙare rayuwarsa a Anɗakiya.

Wani abin mamaki ya biyo baya. A 1054 wani baƙon tauraron ya sake bayyana, wanda mutanen Sin suka ce an yi kwana 23 ana ganinsa da rana tsaka. Bayanin Larabci da aka sani game da shi daga alƙalamin Ibnu Buɗlan ya fito, shi ma ya danganta shi da annobar da ta auka wa Ƙusɗanɗiniyya da Masar, kuma littafin Ibnu Abi Usaibi'a ne ya adana shi. Abokan gaba biyu, kowannensu ya zama shaidar fashewar tauraro guda.

Ƙarshen rayuwarsa

A shekarun yunwa da annoba da suka sami Masar daga 445 zuwa 447 Hijiriyya, Ibnu Ridwan ya ɗauki wata yarinya marainiya ya rene ta a gidansa. Wata rana da ta sami gidan ba kowa, sai ta kwashe zinariya da kayan alfarma da aka ƙiyasta da dinari dubu 20, ta gudu, ba a sake jin ɗuriyarta ba. Abin da ya tara saboda tsufa ya tafi a yini guda. An ce tun daga nan hankalinsa bai koma daidai ba, har ya rasu a 453 Hijiriyya, wato 1061, kamar yadda Ibnu Abi Usaibi'a ya ambata, a zamanin halifa Almustansir.

Littattafansa sun ƙetare teku. Jirad na Kirimona ya fassara sharhinsa na ƙaramin littafin sana'ar magani na Jalinus zuwa Latin a ƙarni na 12, aka kuma fassara sharhin Baɗlimus a ƙarni na 13 a fadar sarki Alfonso na 10 a Sifen. Turawa suka san shi da sunan Hali.

Yadda aka gano ajin tauraron

A 1934 Walta Baade da Firits Zuwiki suka bayyana cewa akwai wata irin fashewa da ke halaka tauraro, har haskensa ya yi gogayya da na biliyoyin taurari na 'yan makonni. Ita ake kira sufanoba. Hanyar rarrabe irinta kuwa ita ce tsefe haske. In aka ratsa da haske ta cikin gilashi mai kusurwa uku, sai ya warwatsu zuwa launuka kamar bakan gizo. Tun a ƙarni na 19 aka gano cewa kowane sinadari yana barin layukansa na musamman a cikin waɗannan launuka, kamar yadda kowane mutum ke da zanen yatsarsa. Ta haka ake sanin abin da ke cikin tauraro ba tare da an je wurinsa ba, a kuma san gudun da tarkacensa ke yi.

A 1941 Rudolf Minkoski ya kasa fashewar gida biyu bisa wannan ma'auni: wadda babu layin haidirojin a haskenta ita ce aji na ɗaya, wadda ke da shi aji na biyu. Daga baya aka ware wani reshe a aji na ɗaya, wanda ake yi wa alama da Ia, ana gane shi da wani layi mai ƙarfi na silikon a ɓangaren ja. Bambancin layukan yana nuna bambancin sanadi. Aji na biyu babban tauraro ne, wanda ya ninka rana nauyi sau takwas ko fiye, da makamashinsa ya ƙare, cikinsa ya rufta, ya bar dunƙulalliyar ƙwaya a tsakiya. Ia kuwa daga ƙaramin tauraro take, wanda ake kira farin wada, girmansa kamar na duniya, nauyinsa kusan na rana. In ya zuƙi abu daga maƙwabcinsa, ko ya haɗe da wani irinsa, har ya kusanci ninki 1.4 na nauyin rana, sai ya kama da wuta gaba ɗaya, ya tarwatse bai bar komai a tsakiya ba, ya watsa baƙin ƙarfe mai yawa.

A yau aikin ba ya ɗaukar lokaci. A 19 ga Mayu, 2023, wani ɗan Japan mai duban sama don sha'awa, Koici Itagaki, ya hango sabon haske a wani dandazon taurari mai nisan shekarun haske kusan miliyan 21. Cikin sa'o'i aka tsefe haskensa, aka ga haidirojin, aka sanya shi a aji na biyu. Amma hasken 1006 ya wuce tun ƙarni goma da suka gabata, don haka sai aka bi ta kan tarkacensa.

A 1965 Banad Goldistain ya fito da bayanin Ibnu Ridwan tare da sauran shaidu, ya nuna cewa fashewar tauraro ce. A wannan shekarar Dog Milne da Firank Gadna suka gano tarkacen da na'urar rediyo ta Fakis a Ostireliya, a tarin taurarin da Larabawa ke kira Assabu'u, kudu da Aƙrabu. Ƙawanya ce da faɗinta a sama ya kai na cikakken wata. A 1980 Shuwaiza da Midildic suka gano wani shuɗin tauraro mai zafi da ke can bayan tarkacen, haskensa na ratsowa ta cikinsa kamar fitila a bayan hayaƙi. Da aka tsefe wannan haske da na'urorin da ke kewaya duniya, har da Hubble, sai ga layukan baƙin ƙarfe da na silikon, suna gudun dubban kilomita a daƙiƙa. An duba tsakiyar ƙawanyar ba a sami wata ƙwaya ba. Wurin kuma yana nesa da inda manyan taurari ke haihuwa. Waɗannan shaidu suka haɗu a kan hukunci guda: tauraron Ibnu Ridwan ɗan ajin Ia ne.

Na Ibnu Buɗlan kuwa ya bar abin da ake kira Hazon Ƙaguwa, kuma a 1968 aka gano ƙwayarsa a tsakiya tana juyawa kusan sau 30 a daƙiƙa, alamar ruftawar babban tauraro. Ashe taurarin nasu ma ba ajinsu ɗaya ba.

A 2003 Firank Winkila da abokan aikinsa suka auna yadda tarkacen 1006 ke faɗaɗa, suka sami nisansa wajen shekarun haske 7,200, suka kuma lissafa cewa ya ninka Zahra haske fiye da sau goma, har mutum zai iya karatu da shi cikin dare. Ma'anar wannan nisa ita ce, hasken da ya faɗa idon ɗan mai gurasa a 396 ya baro tushensa fiye da shekara dubu uku kafin a aza harsashin dalar Giza, garin da aka haife shi. Fashewar ta auku tun kafin a san da Faɗimiyyawa ko yaƙe-yaƙen da ya jingina mata.

Ibnu Ridwan bai san abin da ya gani ba, amma ya rubuta shi kamar yadda ya gan shi, ya sa awon a gefe guda, fassararsa a gefe guda, har na baya suka iya ɗaukar wannan su ajiye wancan. Allah Ya gafarta masa kurakuransa, Ya saka masa da alheri a kan majiyyatan da ya yi wa hidima da ilimin da ya bari.